Zaman zane a Tubab Jalaw: daga takardar gayyata zuwa dawo da aiki Kano

Takardar gayyatar da ta zo mini daga Senegal layi kaɗan ce, da Faransanci, kuma ko uffan ba ta ce a kan kuɗi ba. Abin da ta ƙunsa kawai shi ne an amince in je in zauna in yi aiki a wani gidan masu zane da ke Tubab Jalaw, ƙauyen masunta a gaɓar tekun Atilantika, kimanin kilomita 50 kudu da Dakar, daga ƙarshen Oktoban 2024 zuwa cikin Janairu. Tun da na dawo Kano abokan sana'a ke tsare ni da tambaya, musamman ƙannenmu da suka gama karatun zane a Zariya ba da jimawa ba, kuma kusan kowa tambayarsa ɗaya ce: yaya ake samun gayyatar? To ga yadda abin ya gudana, tun daga nema har zuwa ranar da na sauke kayana a gida, domin wahalar duk tana bayan gayyatar ne.

Neman gurbin bai ɗauke ni wani dogon aiki ba. Hotunan ayyukana na aika, waɗanda na ɗauka da rana a inuwar zaure ba tare da hasken waya ba, kowanne da girmansa da shekararsa da irin fentin da aka yi shi da shi, sai taƙaitaccen tarihina da shafi guda na abin da nake son yi in na je. Wani abokina ɗan Damagaram ya mayar mini da su Faransanci. Daga nan sai shiru, har na cire rai. Da amsa ta zo, malamina na Zariya na fara kira, shi kuwa maimakon barka sai ya ce, "Kafin ka yi murna, rubuta musu ka tambaye su wa zai biya me." Na rubuta. Amsar ita ce ɗakin kwana da ɗakin aiki da karin kumallo nasu ne. Tikiti, kayan zane, abincin rana da na dare da duk wata zirga-zirga nawa ne. Zan bar musu zane ɗaya idan zan tafi, kuma duk abin da aka sayar a cikin gidan suna da kashi 30 cikin 100. Sharuɗɗan ba su da laifi, haka tsarin yake a wurare da yawa, amma da ban tambaya ba sai na sauka a ƙasar mutane zan ji su.

Biza babu ita a tsakaninmu da Senegal. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna har kwana 90, kuma wannan adadi shi ne igiyar da ta ɗaure dukan lissafina. Fasfona ya kusa ƙarewa, don haka na sabunta shi. Na cike fom ta intanet, na biya naira 50,000 na mai shafi 32 da ke aiki shekara 5, farashin da ya fara aiki a Satumban 2024 (a Satumban 2025 an mayar da shi naira 100,000, sai mutum ya duba kafin ya yi kasafi), aka ba ni ranar ɗaukar hoto da zanen yatsu. Abin da na gani yana tsayar da mutane a layin shi ne bambancin suna ko ranar haihuwa tsakanin lambar NIN da tsohon fasfo. Muhammad a nan, Mohammed a can, shi ke nan sai ka koma gyara. Nawa ya yi daidai, na jira makonni ya fito. Katin rigakafin cutar shawara kuwa, wanda kowa ke kira yalo kad, shi ma rajista ake yi ta intanet a biya, sannan a je ofishin lafiya na filin jirgi a yi allura. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka kada a bar shi sai ana jibi tafiya. Daɗinta, tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Akwai takarda ta uku da masu zane da yawa ba su san da ita ba. Na so in tafi da wasu ƙananan ayyukan da na gama a gida don in nuna, sai aka gaya mini fitar da aikin fasaha daga Najeriya yana buƙatar izinin hukumar kula da gidajen tarihi, wadda aikinta ne ta tabbatar ba kayan tarihi ake ficewa da su ba. Na ɗauki zanukan da kansu na kai, tare da hotunansu da jerin sunayensu da girmansu. Jami'in ya juya kowanne ya duba bayansa, ya ce, "Malam, duk aikin hannunka ne?" Na ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe, ga sa hannuna ga shekara." Na biya abin da aka yanka, aka ba ni rasit, na dawo wata rana na karɓi takardar. A lokacin gani nake ɓata lokaci ne, amma ta yi mini rana sau biyu, a fita da kuma a dawowa.

Haɗa kaya shi ne inda mai fentin mai ke shan tambayoyi. Fentin zane na cikin matsattsun kwalabe, wanda da man tsirrai ake kwaɓa shi, yana shiga jakar da ake aunawa, amma tinna da tafentin, waɗanda ake tsinka fenti da su, da banish na feshi, wato man da ake sa wa zane don ya kare shi ya yi sheƙi, duk haramun ne a jirgi, don suna kama wuta. Na buga takardar bayanin sinadaran fentin daga shafin kamfanin da ke yin sa na ɗora a saman kayan, na zuba kwalaben a robar abinci mai murfi, wuƙaƙen kwaɓa fenti ma na sa su a can, ban bar su a jakar hannu ba. A Legas aka buɗe jakar, mai binciken ta karanta takardar, ta shinshina kwalba ɗaya, ta rufe. Tikitin ne ya cinye kusan rabin kuɗin tafiyar gaba ɗaya: Kano zuwa Legas, sannan Legas zuwa Dakar da yada zango a hanya. A filin jirgin Blaise Diagne, wanda aka buɗe a ƙarshen 2017, an tambaye ni inda zan sauka da abin da ya kawo ni, na miƙa takardar gayyata mai adireshi da lambar waya, aka buga hatimi. Filin jirgin ya fi kusa da Tubab Jalaw a kan Dakar, don haka babu dalilin shiga birni da kaya. A nan na sayi layin waya da fasfona, domin a Senegal hatta mai shagon unguwa ta waya ake biyansa, da Wave ko Orange Money. Agogo a mayar da shi baya da awa ɗaya, kuma a taho da kan caja mai zagayayyun ƙafafu biyu, namu mai uku ba ya shiga soket ɗinsu.

Garin yana kan tudun jan dutse da ke kallon yamma, rana a cikin teku take faɗuwa. Asalinsa na masunta ne, 'yan ƙabilar Lebu, masu fasaha daga baya suka zo. Gérard Chenet, marubuci ɗan ƙasar Haiti, shi ya gina Sobo Badé da duwatsu da bawon kifin teku a kan gaɓar, sannan Germaine Acogny ta kafa makarantar rawa ta École des Sables a bayan gari, inda ɗalibai ke zuwa daga ko'ina a Afirka. A tsakanin waɗannan akwai ƙananan gidaje da ɗakunan aiki na masu zane da masu sassaƙa da masu rini, irin wanda na sauka. Mu kaɗan ne a gidan, kowa da ɗakinsa, sai a haɗu a kan faranti ɗaya na cebu jen, shinkafa da kifi, da rana, a kuma haɗu wajen shayin ataya da yamma. A wajen shayin nan ne, tun makon farko, wata dattijuwa mai zane 'yar Kwaddibuwa da kowa ke kira Tanti ta tambaye ni girman zanen da nake shirin yi. Na buɗe hannuwa na nuna mata. Ta girgiza kai ta ce, "Ƙanena, je ka fara sayen bututun da za ka naɗe su a ciki, sannan ka yanka ƙyalle. Kuma ka ɗauko ranar komawarka ka riƙa ƙirgowa baya."

Abin da take nufi shi ne yawancin kamfanonin jirgi suna karɓar jaka ne idan tsawonta da faɗinta da kaurinta a haɗe ba su wuce santimita 158 ba, abin da ya haura sai an biya kuɗin kaya mai girma, in ma an yarda a ɗauka. Bututun roba na masu aikin famfo mai faɗin santimita 15 da tsawon 120 yana shiga cikin wannan iyaka. Ke nan gajeren gefen kowane zane, har da ƙyallen da za a lanƙwasa a bayan firam, bai kamata ya kai 120 ba. A kan wannan ma'auni na yanka komai. Sayayyar kuwa sai da na shiga Dakar: motar haya zuwa Jamniyajo, daga nan jirgin ƙasa na TER da ya fara aiki a Disamban 2021, sefa 1,500 zuwa tsakiyar birni. Kanbas da aka riga aka shafe da fari da fentin Turai akwai su, amma da tsada, don shigo da su ake yi. Sai na bi hanyar 'yan gari, na sayi ƙyallen auduga mai kauri a kasuwa, na shafe shi da kaina da jeso, wato farin shafin da ake fara sa wa ƙyalle kafin fenti, tinna daga shagon kayan gini, firam kuma kafintan ƙauye ya haɗa mini. A ciniki a yi hattara: da Wolof kuɗi biyar-biyar ake ƙirga shi, kamar yadda 'yan Maraɗi ke yi da dala, wanda ya ce maka ɗari sefa 500 yake nufi. Gara a miƙa waya ya rubuta lambar.

Sai kuma danshi. Wanda ya saba aiki a Kano bai san shi ba. Damina ba ta jima da ɗaukewa ba lokacin da na isa, iskar tana da nauyi, ga gishiri a cikinta. Ƙyallen da na ɗaure ya yi tsam da rana, da asuba sai in tarar ya saki yana rawa a ƙarƙashin buroshi, sai rana ta ɗaga ya koma daidai. Ƙananan ƙarafan sitefila da na kafe shi da su suka fara tsatsa tun ba a je ko'ina ba, kowanne ya zana jan da'ira a gefen ƙyallen, dole na cire su ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa na sa waɗanda ba sa tsatsa. Takardun da na jingina da bango suka yi ɗigo-ɗigon fumfuna a baya. Daga nan na koyi ɗora komai a kan katako, a bar tazarar tafin hannu tsakanin zane da bango, fanka kuma tana juyawa ko ba na ɗakin. Fentin mai da a gida nake taɓa shi bayan 'yan kwanaki, a nan farin da baƙin sai su yi ta danƙo, launin ƙasa ne kawai ke saurin kamawa. Akirilik kuwa, fentin da ake kwaɓawa da ruwa, wanda a hunturun Kano yake bushewa a kan buroshi kafin ka kai shi jikin ƙyalle, a bakin teku ya zama abin sha'awa, yana ba ka lokaci ka gauraya. Saboda haka na sauya tsari, shimfiɗar farko da akirilik, fentin mai siriri a kai, da ɗan sinadarin da ke gaggauta bushewa. Da Disamba ya shigo iska ta juyo daga tudu, danshi ya ragu, sai yashi ya karɓi aiki. Duk zanen da ka fita da shi bakin ruwa yana jiƙe, da yashinsa zai dawo, kuma kada ka ce za ka goge, bari ya bushe ka kakkaɓe. Ni dai na koma yin ƙananan gwaje-gwaje a waje, babban aiki a ɗaki.

Abin da ya kai ni garin shi ne kwale-kwalen masunta, dogaye masu launi kala-kala da sunayen iyaye da na shehunnai a jikinsu. Amma bakin ruwan wurin neman abincin mutane ne, kuma sun gaji da baƙi masu ɗaga kyamara ba sallama. Mai gadin gidanmu ya raka ni wurin dattijon da ke faɗa a ji a inda ake sauke kifi, na riƙa goro da sukari da ganyen shayi. Aka yi gaisuwa mai tsawo, irin wadda Bahaushe ba zai ga baƙonta ba. Da ya ji daga Kano nake sai fuskarsa ta saki, ya ambaci Baye Inyas, wato Shehu Ibrahim Inyas, da Kaulaha, ya ce ai mutanenmu ba baƙi ba ne a Madina Baye. Sannan ya ce, "Ɗana, jirage ka zana duk wanda ka ga dama. Matan da ke banda kifi kuwa ba ni da iko da fuskarsu, sai ka tambaye su da kanka." Na tambaya. Wasu suka ƙi, wasu suka ce in zana su ta baya, ɗaya ta ce sai ta je ta sauya ɗankwali. Na riƙa ba su ƙananan zanen fensir, kuma hakan ya buɗe mini ƙofa fiye da kuɗi. A zaman nan ne na ji abin da ke cin ransu: kifi ya ja baya, samari na hawa irin waɗannan jirage su nufi tsibiran Kanari na ƙasar Sifen don shiga Turai, ga kuma babbar tashar jiragen ruwa ta Ndayan da aka aza harsashinta a Janairun 2022 dab da su, wadda masunta da masu fasaha duka ke ta tattauna yadda za ta sauya gaɓar. Bayan wannan hirar ban ƙara iya zana jiragen a matsayin ado kawai ba.

Sa'a ta sa babban baje kolin ayyukan fasaha na Dakar, wato Dak'Art, na 2024, da aka ɗage daga Mayu, ya faɗo daga 7 ga Nuwamba zuwa 7 ga Disamba. Na je tsohon ginin kotu da ke Kap Manuwel inda aka yi babban nunin, na kuma leƙa Village des Arts, unguwar ɗakunan aiki kusan 50 da aka buɗe a 1998 a tsohon masaukin ma'aikatan Sin da suka gina babban filin wasa. A can na zauna da wani mai zanen suwer, wato zane a bayan gilashi, inda ake fara sa layi da ƙananan bayanai, shimfiɗar baya ta zo a ƙarshe, komai a juye. Duk wanda zai je, in da hali ya daidaita tafiyarsa da shekarar wannan biki, duk bayan shekara biyu ake yi, masu gidajen nuni da masu saye duk suna gari.

Gidanmu ya buɗe ƙofa ga masu kallo a ƙarshen Disamba, lokacin da Turawa 'yan hutu da mutanen Dakar ke cika gaɓar. Manyan zanukan da na fi alfahari da su aka yi ta yabo ana wucewa, ƙananan da ke shiga akwati su aka saya. Farashi na rubuta shi da sefa da yuro, lissafin ba wuya tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi. Kowane mai saye ya nemi takardar shaida mai hoton zanen da sa hannuna, na buga su a shagon kwamfuta na garin. Bayan an cire kason gida, abin da ya rage ya biya abinci da kayan aiki da wani ɓangare na tikiti. Riba dai ba a yi ba, kada wani ya ci bashi da sunan zai dawo da ita.

Bisa lissafin Tanti, na ajiye fentin mai tun saura kusan wata guda, na koma fensir da akirilik. Wani matashi da muka zauna tare, mai son lafta fenti da wuƙa, ya ci gaba har makon ƙarshe, kuma ayyukansa mafi kyau a can ya bar su suna jiran wanda zai kawo masa. A wannan tsakanin na nemi takardar izinin fitar da ayyuka daga ma'aikatar al'adu a Dakar. Na kai wasiƙar roƙo da Faransanci, jerin zanuka da hotunansu da girmansu, kwafin fasfo, da wasiƙar gidan da ke shaida a wurinsu na yi aikin. Takardar Najeriya ta raba waɗanda na zo da su da sababbi, ba sai na yi dogon bayani ba. An ce in dawo, ga hutun ƙarshen shekara ya ratsa, kowace komawa kuma yini guda ce da kuɗin mota. A nan ne hankalina ya fi tashi, ina duba hatimin fasfo ina ƙirga abin da ya rage na kwana 90. Takardar dai ta fito da sauran lokaci.

Naɗin ma da ƙa'idarsa. Na cire kowane ƙyalle daga firam, na shimfiɗa su babba a ƙasa, takarda mai santsi a tsakani, na naɗe su a kan ƙaramin bututu fuskar fenti tana waje, don in aka naɗe ta ciki fentin matsewa yake ya tsage. Na zura a babban bututun, na toshe bakin biyu, na manna kwafin takardun a jiki, asalin kuma a jakar hannu. Firam ɗin na bar wa gidan. Jami'in kwastan a filin jirgi ya sa na buɗe baki ɗaya, ya haska, ya karanta takardar, ya ce in wuce. A Legas ma tambaya ɗaya aka yi mini, ko na sayarwa ne, na nuna sunana a takarda da a fasfo.

Wanda zai bi wannan hanya, ya samu amsar wa zai biya me a rubuce kafin ya sayi tikiti, ya gama fasfo da allura da izinin gidan tarihi tun da sauran watanni, ya kuma ɗauka cewa a cikin kwana 90 ɗin nan na fentin mai ba su fi kashi biyu cikin uku ba, ragowar na bushewa ne da takarda da naɗi. Ya ware kuɗin shiga Dakar daban, don ya fi yadda ake zato, ya kuma koyi gaisuwar Wolof da ƙirgen kuɗi ko Faransancinsa bai taka kara ya karya ba. Idan aikin da ya tsara zai wuce kwana 90, maganar takardar zama ce, kuma gidan da ya gayyace shi ya kamata ya fara ta tun kafin ya taso. Da na iso Kano ana tsakiyar hunturu, ban warware naɗin a ranar ba, na bar bututun a ɗaki ya saba da bushewar iska, sannan na shimfiɗa zanukan a ƙasa suka miƙe kafin kafinta ya yi musu sababbin firam. Banish kuwa sai da suka cika wata 6 na shafa.